Fizikal Kemistiri na aji biyu: hadda ce ke fitar da mutum ko fahimta?

Ummi: Assalamu alaikum jama'ar gida. Don Allah waɗanda suka wuce Fizikal Kemistiri na aji biyu a jami'a su zo su raba mana gardama. An yi mana tes jiya, tun da muka fito aji ya rabu gida biyu. Ga tambayar: mol ɗaya na iskar gas a 298 K, matsinsa 2 atm, sai ya buɗe har girmansa ya ninka biyu, yana tura matsin waje na 1 atm wanda ba ya canjawa, tamfareca ma ba ta canja ba. Nawa ne aikin da ya yi? Wasu sun samu 1.72 kJ, wasu 1.24 kJ. Malamin ya tattara takardu ya yi tafiyarsa bai ce uffan ba. Sannan da gaske ne wai kwas ɗin nan sai da hadda? 'Yan aji uku sun ce mana kada mu ɓata lokaci wajen neman ganewa.

Ɗan Fagge: Wa alaikumus salam. Lale da shigowa gidan kuka, Ummi. 1.72 ne, ki kwantar da hankalinki. Duk inda kika ga an ce tamfareca ba ta canja ba, ki dira masa w = −nRT ln(V2/V1), ki buga kalkuleta, ki wuce. Mu haka muka haye. 'Yan aji uku kuma gaskiya suka gaya miki. Ki nemi tambayoyin shekarun baya, ki haddace fomulolin, ki karɓi C ɗinki ki gode wa Allah.

Injiniya Bala: Ɗan Fagge, ka ga irinta ko? Daga buɗe baki haddar taka ta kayar da kai. Ƙanwata, 1.24 ne daidai. Fomular nan mai ln tana aiki ne kawai idan gas ɗin ya buɗe sannu a hankali, matsin waje yana raguwa kaɗan-kaɗan yana bin sawun na ciki, yadda a kowane mataki za a iya mayar da shi baya. Tambayarku ta faɗa ƙarara cewa matsin waje a tsaye yake a 1 atm. To aikin shi ne matsin waje sau ƙarin girman da aka samu, shi ke nan. A 298 K, mol ɗaya yana cin kusan lita 12.2 idan yana kan 2 atm, ya ci lita 24.4 idan ya sauko 1 atm. Ƙarin lita 12.2 ke nan. Ki ninka da 1 atm, ki ninka da 101.3 don ya koma jul, za ki samu wajen 1,240 J.

Ummi: Alhamdulillahi! Na gode Yaya Injiniya. Amma alamar fa? Wasu sun sa debewa a gaba, wasu ba su sa ba.

Injiniya Bala: Mu a injiniyanci ΔU = Q − W muke rubutawa (ΔU canjin makamashin cikin gas ne, Q zafi, W aiki), aikin da gas ya yi wa waje ba ya ɗaukar debewa. Na san ku daban kuke yi. Dakta yana nan, shi zai faɗa.

Dakta Shehu: Barkanku da yamma. Ummi, a kemistiri ΔU = q + w ake rubutawa, wato ana kallon abin daga ɓangaren gas ɗin: aikin da aka yi a kansa riba ce, wanda shi ya yi wa waje asara ce. Don haka amsarki −1.24 kJ. Na Injiniya ma daidai ne a gidansu, domin injin mota da tukunyar tururi aikin da suka fitar shi ake ƙirgawa. Abin da ke halaka ɗalibi shi ne ya ɗauko fomula daga littafin injiniyoyi, ya ɗauko alama daga handawut ɗin kemistiri, ya gwamutsa su a shafi ɗaya.

Amma ki lura da abin da malaminku yake nema, don ba mugunta ya yi muku ba. Gas ɗin nan daga wuri ɗaya ya tashi, a wuri ɗaya ya sauka, ko an bi hanyar sannu ko an bi ta gaggawa. ΔU sifili ne a duka biyun, tunda tamfareca ba ta motsa ba. Amma aikin ya bambanta: 1.72 a hanya ɗaya, 1.24 a ɗayar. Ma'ana aiki da zafi sun dogara da hanyar da aka bi, U kuwa ba ruwansa da hanya. Wannan shi ne rabin tamodainamiks ɗin aji biyu. Wanda ya gane shi ba ya buƙatar haddace komai a wannan babin. Wanda ya haddace bai gane ba, da an canja masa kalma uku a tambaya ya tafi.

Ɗan Fagge: Ranka ya daɗe Dakta, da girman kujerarka, amma bari in faɗi abin da ɗalibai ke faɗa a bayan idonku. Fahimta tana da daɗin faɗa a nan. Mu a zamaninmu ɗakin lakca ya cika ya batse, wasu a kan taga, wasu a tsaye a baya. Lasifika ta lalace tun makon farko. Malam yana rubutu da hannun dama yana gogewa da na hagu, idan ka ɗaga hannu ya ce ka je ka karanta. Ga shi mun faɗa shekarar yajin aikin 2022, wata takwas muna gida daga Fabrairu zuwa Oktoba, da aka dawo aka matse semesta aka yi ta gudu. A haka za a ce in zauna in gane entarofi? Kariyoba na gani a gabana, na haddace, na tsira. Wanda ya ce zai gane komai kafin ya shiga jarrabawa yana nan ya maimaita.

Sadiq: Wallahi Yaya Ɗan Fagge ka faɗi abin da ke raina. Ni aji ɗaya muke da Ummi. Oganik ina ganinsa da idona, ga kabon ga haidirojin, in zana in gane. Wannan kuwa daga shiga sai alamomi, d ƙarami, d mai lanƙwasa, Δ babba. Ban san lokacin da muka bar kemistiri muka koma lissafi ba.

Dakta Shehu: Ɗan Fagge, ba zan musa maka cunkoso ba, ni ma a cikinsa nake tsayawa. Kuma akwai abin da ku ba ku gani. A wajenmu yunit biyu aka ba kwas ɗin, amma a cikinsa an cusa halayyar gas, da dokokin tamodainamiks, da daidaiton riyakshan, da saurin riyakshan, da ilektirokemistiri. Kowanne a cikinsu ya isa ya ci semesta shi kaɗai. Malami yana kallon kalanda yana kallon manhaja, dole ya yi gudu.

Sai dai idan na zauna makin takardu, ba a kemistiri nake ganin yara suna faɗuwa ba. A abu uku suke zubewa. Ba su san bambancin ln da log ba, sai su danna wanda ya fi kusa da yatsa, alhali tsakaninsu akwai ninkin 2.303. Suna sa 25 a gurbin T maimakon 298. Sai kuma R: 8.314 na tafiya da jul, 0.0821 na tafiya da lita da atm, su kuwa duk wanda ya fara zuwa musu a kai shi suke sawa. Sadiq, tsakaninka da Allah, a JAMB ka ɗauki lissafi?

Sadiq: A'a Dakta. Bayoloji na ɗauka, don likitanci na nema, aka turo ni kemistiri.

Dakta Shehu: To ka ji. Kuma ba kai kaɗai ba ne, ajinmu cike yake da irinka. Ba laifi ba ne, amma ka san inda ramin yake. Kalkulas ɗin da kwas ɗin nan ke buƙata bai kai yadda kuke tsoro ba. Ka iya haɗa 1/x ya ba ka ln x, ka iya karanta gangaren layi a jadawali, ka iya juya logaridim. Idan ka zauna da waɗannan mako biyu, rabin alamomin da ke ba ka tsoro za su zama abokanka.

Malam Ado: Assalamu alaikum. Ni malamin kemistiri ne a sakandare, kuma in gaya muku gaskiya matsalar daga wajenmu take tasowa. Yaro yana SS2 ake koya masa dokar Boyle da ta Charles a matsayin gurabe: ga P1, ga V1, ga P2, nemo V2. Ya cike gurbi ya ci maki. Ba wanda ya taɓa tambayarsa me ya sa matsi ke ƙaruwa idan an matse gas, balle ya yi tunanin ƙwayoyin da ke ta dukan bangon tukunya. Makarantu da yawa ma ba su da mai koyar da lissafi mai zurfi. Sai yaron ya zo jami'a da A a kemistiri, a kawo masa lissafin van der Waals, a ce masa a tana gyara jan da ƙwayoyi ke yi wa juna, b tana gyara wurin da su kansu suka cinye. Shi kuwa bai taɓa sanin ƙwayoyin suna da jiki ba. Me zai yi in ba hadda ba?

Ramatu Yamai: Sannunku ƴan'uwa na Najeriya. Ina karanta ku ina mamaki, don mu a nan Nijar wahalar iri ɗaya ce amma tsarin ya ɗan bambanta. Bayan babban darasi da malami ke bayarwa, muna da awoyin da ake kira TD, a raba mu rukuni-rukuni, a ba mu takardar tambayoyi tun kafin ranar, a kira mutum ya hau allo ya warware a gaban kowa. Kunya kaɗai ta isa ta sa ka yi aikin. Maki a kan 20 ne, idan ba ka kai 10 ba akwai zama na biyu. Ba na cewa mun fi ku, mu ma rukunin yakan yi yawa, kuma kayan aunawa ba su isa ba. Amma ban ga yadda za a koyi wannan fanni da sauraro kaɗai ba. Jami'armu ma sunan masanin fiziks aka sa mata, Abdou Moumouni, wanda ya yi aiki a kan makamashin hasken rana, don haka tamodainamiks a nan ba a wasa da shi. Ku ba ku da irin TD ɗin?

Ummi: Anti Ramatu, a takarda akwai tutoriyal. A zahiri wani ɗan aji huɗu ne ke tara mu ranar Asabar, kowa ya ba shi na kati.

Ɗan Fagge: Shi ma haddar yake sayar muku, ki tambaye shi. Ni dai tambayata ɗaya. Yau ina da shagon cika tukunyar gas, Alhamdulillahi ina ci ina sha. Tun da na bar makaranta ba wanda ya zo ya ce in nemo masa ΔG kafin ya biya ni. Ina amfanin wahalar?

Dakta Shehu: Madalla, ashe a cikin lab kake wuni ba ka sani ba. Amsa mini: me ya sa kake ɗora tukunya a sikeli ka sayar da kilo? Me ya hana ka sa agogon auna matsi ka ce wa mai saye ga shi ta cika?

Ɗan Fagge: Ai agogon ƙarya yake yi, Dakta. Tukunya na iya kusan ƙarewa allura tana nan inda take. Kowa a sana'ar nan ya san haka.

Dakta Shehu: Ba ƙarya yake yi ba. Abin da ke cikin tukunyar ruwa-ruwa ne a ƙasa, tururinsa a sama. Muddin akwai sauran ruwan, ko rabi ne ko ɗan kaɗan, matsin tururin tamfareca ce ke yanke shi, ba yawan abin da ya rage ba. Uwargida ta kunna risho tururi ya fita, ruwan ya ƙara tashi ya cike gurbin. Sai ɗigon ƙarshe ya ƙare allura ke faɗuwa gaba ɗaya. Wannan shi ne babin daidaito tsakanin ruwa da tururi da ka haddace ka zubar. Kuma ka taɓa lura tukunyar masu suyar ƙosai ko masu gidan abinci tana yin sanyi har ta yi gumi idan an daɗe ana aiki da ita? Ruwan yana jan zafi daga jikin ƙarfen kafin ya zama tururi. Gas ɗin tukunyar haɗin butan da furofan ne. Butan yana tafasa a wajen −0.5°C, furofan a −42°C, shi ya sa wanda furofan ya yi masa yawa ya fi matsi. Kuma shi ya sa ba a cika tukunya maƙil, ba a kuma barinta a ranar Afrilu.

Ɗan Fagge: To Dakta, da haka aka koya mana ai da ni ma yanzu ana ce mini Dakta. Amma ka lura, sana'ar ce ta koya mini, ba allo ba.

Injiniya Bala: Bari in ƙara muku ɗaya daga wajen aikina, don ni a masana'antar siminti nake. Ummi da Sadiq, ku ɗauki biro. Dutsen farar ƙasa, CaCO3, idan an gasa shi yana rabuwa ya ba da CaO da CO2. ΔH, wato zafin da riyakshan ɗin ke ci, kusan +178 kJ ne a kowane mol, ΔS, wato canjin entarofi (ma'aunin watsuwar ƙwayoyi), kusan +161 J/K. Daga wace tamfareca abin zai fara yiwuwa da kansa? Irin wannan dutsen ake gasawa a Kalambaina ta Sakkwato, da Ashaka ta Gombe, da Obajana, har da Malbaza a wajen su Ramatu.

Sadiq: ΔG = ΔH − TΔS. Abin yana yiwuwa da kansa idan ΔG ya zama debewa, to iyakar ita ce inda ΔG sifili ne, T = ΔH/ΔS. 178 a raba da 161, ya ba ni 1.1 K.

Injiniya Bala: Sadiq, tsaya ka kalli amsar kafin ka ja mata layi. 1.1 K ya fi duk wani firjin gida sanyi nesa ba kusa ba. Da haka ne da duwatsun Sakkwato sun daɗe da zama gari, mu kuma da ba mu ƙona gawayi da gas ba. Ɗaya kilojul ne, ɗaya jul.

Ummi: 178,000 a raba da 161. Ya ba ni 1,106 K, wato wajen 833°C.

Injiniya Bala: Yauwa. A aikace sai an doshi 900°C, domin ΔH da ΔS ɗin da kuka yi amfani da su na 25°C ne, kuma suna ɗan motsawa idan wuta ta yi wuta. Can cikin babban murhun da ake ƙona kilinka, ƙwanƙolen da ake niƙawa ya zama siminti, kuwa ana kai wa 1,450°C. Amma dubi yadda layi biyu na lissafin aji biyu suka kawo ku kusa da abin da muke gani a allon kula da injin. Ni abin da na fi riƙewa daga kwas ɗin ke nan: kafin ka yarda da kalkuleta, ka tambayi kanka ko amsar za ta iya faruwa a duniyar nan.

Maman Khalifa: Ina ta bin ku a shiru, aiki ne ya riƙe ni. Ni harhaɗa magunguna na karanta, mu ma sai da muka bi ta wannan kwas ɗin, kuma babin saurin riyakshan shi ne abincina yau. Ranar ƙarewar aiki da kuke gani a jikin kwalin magani ba ƙiyasi ba ne. Magunguna da yawa suna lalacewa ne bisa tsarin mataki na farko, inda rabin rayuwa, wato lokacin da rabin maganin zai lalace, yake 0.693/k (k ma'aunin saurin riyakshan ne), lokacin da kashi 10 cikin 100 zai lalace kuma 0.105/k. Kamfani ba zai zauna shekara uku yana jira kafin ya san abin da zai faru ba, sai a ajiye maganin a 40°C da danshi kashi 75 na wata shida a ga yadda yake sauka. Tunanin da ke ƙarƙashin wannan na Arrhenius ne, tun 1889. Malamai na yawan cewa ƙarin digiri 10 yana ninka sauri biyu. Ku gwada da kanku, daga 298 zuwa 308 K hakan na faruwa ne idan Ea, makamashin da riyakshan ke buƙata kafin ya tashi, ta kai wajen 53 kJ a mol, ba ga kowane riyakshan ba. Yanzu ku tuna kwalin da ya ce a ajiye ƙasa da 30°C, ku tuna kemis mai rufin kwano a watan Afrilu an ɗauke wuta, ko mai tallar magani a faranti a tasha. Ni idan na ga haka lissafin nan ne ke faɗo mini.

Ummi, shawarata: kada ki yarda ki haddace jadawalin nan na mataki sifili, na farko, na biyu a matsayin hoto. Ki fitar da na farko da hannunki daga −d[A]/dt = k[A], layi huɗu ne. Idan kin yi sau ɗaya kin ga inda ln ya fito, ba ya sake ɓace miki.

Sadiq: Anti, mun gode. Tunda manya sun hallara bari in kawo wadda ta fi ci mini tuwo a ƙwarya. An ce entarofi kullum ƙaruwa yake. To na sa ruwa a firiza ya zama ƙanƙara, ƙwayoyin sun jeru sun natsu. Ai raguwa ya yi. Ina dokar take?

Dakta Shehu: Tambaya mai kyau, kuma da ka yi ta a aji da ka taimaki mutum ɗari. Na ruwan ya ragu, gaskiya ne. Narkewar ƙanƙara na cin 6.01 kJ a mol a 273 K, ka raba ka samu 22 J/K, to daskarewa −22 ke nan. Amma dokar ba ta ce na ruwa kaɗai ba, ta ce na ruwa haɗe da duk abin da ke kewaye da shi. Ka sa hannunka a bayan firizar ka ji. Zafin da aka zare daga ruwan, da na wutar da injin ya ci, duk ɗakin aka watsa wa. Ƙaruwar da ɗakin ya samu ta fi raguwar da ruwan ya yi. Clausius ne ya fito da wannan ma'auni a 1865, daga baya Gibbs a Amurka ya nuna yadda za a tattara lissafin biyu a ΔG ɗaya, don kada kullum sai ka je auna ɗaki. Shi ya sa sharaɗin nan na matsi da tamfareca su kasance a tsaye yake manne da ΔG. Masu hadda sukan ɗauki fomular su bar sharaɗin a handawut.

Kuma kafin wani ya tambaya: ΔG ya zama debewa ba ya nufin abin zai faru yanzu. Fetur da iska suna zaune tare a tanki, ΔG na ƙonewarsu debewa ne mai yawa, amma ba abin da ke faruwa sai an kawo tartsatsi. Tamodainamiks yana faɗa maka ko hanya a buɗe take, kainetiks ke faɗa maka yaushe za a isa.

Malam Ado: Dakta, ni da yarana randa nake fara musu da ita, don kowa ya sha ruwanta. Kilo ɗaya na ruwa yana ɗauke kusan 2,440 kJ kafin ya zama tururi a zafin ɗaki. Randa mai lita 20, idan giram 200 kacal ya tsattsafo ta jikinta ya bushe, zafin da ya tafi da shi ya isa ya sauke sauran ruwan da kusan digiri 6, in da ba wani zafin da ke shigowa. Sai in tambaye su me ya sa randa ta fi sanyi da hunturu da bazara, da damina kuma ta yi lis. A nan suke gano danshin iska da kansu. Da wannan ilimin ne Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, ya yaɗa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, har ya samu kyautar Rolex a 2000. Ba wani injin, entalfin tururi ne kawai.

Ramatu Yamai: Malam Ado, wannan misalin zan ɗauka in kai wa ƙannena. Amma ina da ja a kan abu ɗaya. Misalai na gida suna sa mutum ya ji daɗi ya ce ya gane, sai an ba shi takarda ya ga hannunsa ya ƙi motsi. Na ga masu iya bayanin randa tiryan-tiryan da suka samu 6 a kan 20. Ganewar da ba ta iya warware tambaya ba, ni ban ɗauke ta ganewa ba. A nan ina ganin Ɗan Fagge yana da ƴar gaskiya: akwai abin da sai an maimaita shi har ya zauna a hannu.

Ɗan Fagge: Allah ya yi miki albarka Ramatu! Ashe sai daga Yamai za a kawo mini ɗauki.

Ramatu Yamai: Kada ka yi saurin murna, ɗan'uwa. Maimaita warware tambaya na ce, ba maimaita karanta amsar wani ba.

Maman Khalifa: Ni abin da ya fi ba ni takaici shi ne furaktikal. Mu lokacinmu mutum goma sha suke kewaye bureti ɗaya, biyu na aiki, saura na kwafar lambobi. Alhali gwaje-gwajen kwas ɗin nan ba su da tsada. Na tayosalfet ɗin nan fa? Ka zana X a farar takarda, ka ɗora kwalbar gwaji a kai, ka zuba sodiyam tayosalfet, ka ƙara asid ɗin HCl, ka danna agogon waya. Kana leƙawa ta sama ruwan yana yin hazo-hazo, fari yana komawa ɗorawa saboda salfa na fitowa, X ɗin na dushewa har ka neme shi ka rasa, ka tsayar da agogo. Ka ɗumama ruwan kaɗan ka sake, ka ga ya ɓace tun kafin ka gyara tsayuwa. Wanda ya ga wannan da idonsa ba sai an roƙe shi ya yarda da Arrhenius ba.

Dakta Shehu: Haka ne Hajiya. Na zafin haɗuwar asid da alkali ma kofin roba mai kumfa da tamomita kawai yake so. 50 cm³ na HCl da 50 cm³ na NaOH, kowanne 1 M, tamfareca ta hau da kusan 6.8°C, ka yi lissafi ka samu wajen 57 kJ a mol. Ɗalibai kan samu ƙasa da haka don zafi na gudu ta baki da jikin kofin. Ni na fi son wanda ya rubuta mini 52 ya bayyana inda sauran ya tafi, a kan wanda ya kawo 57 cif, don na san daga littafi ya ɗauko.

Ummi: Dakta, to a taƙaice me zan haddace, me zan bari? Jarrabawa saura mako biyar.

Dakta Shehu: Ki riƙe R da raka'o'insa biyu, da 273, da ma'anar H, da G, da ΔS = q/T tare da sharaɗinsa, da ΔG° = −RT ln K, da na Arrhenius, da na Nernst. A gefen kowace fomula ki rubuta da jan biro yaushe take aiki. Saura ki fitar da su da hannu. Tambayoyin shekarun baya da Ɗan Fagge ya ce ki nema, ki neme su, amma ki rufe amsar.

Injiniya Bala: Ga aikin gida kafin Asabar, duk mai so. A masana'antun taki irin na Lekki da na Eleme, sai an fara haɗa amoniya kafin a yi yuriya: N2 + 3H2 ⇌ 2NH3, ΔH kusan −92 kJ. Tunda riyakshan ɗin zafi yake fitarwa, ƙa'idar Le Chatelier ta ce sanyi ne zai ba da amoniya mai yawa. To me ya sa ake yinsa a 400 zuwa 500°C? Kuma ƙarfen da ake sawa a matsayin katalis, yana ƙara yawan amoniyar da za a samu a daidaito ko a'a?

Ɗan Fagge: Yana ƙarawa mana. In ba haka ba wa zai kashe kuɗinsa ya saya?

Sadiq: Ni ina ganin ba ya ƙarawa. Yana rage Ea ta gaba da ta baya daidai wa daida, K, ma'aunin daidaiton, bai san da zamansa ba. Saurin isa kawai yake kawowa. Zafin ma don saurin ne, an haƙura da wani kaso na amoniyar don kada a kwana ana jira, sai a rama da matsi mai yawa tunda mol huɗu ne ke komawa biyu.

Injiniya Bala: Sadiq, ashe kai ne ɗazu kake cewa ba ka gane komai? Saura ka nuna mini da lissafi. Ka ɗauki lissafin van 't Hoff, ka gaya mini sau nawa K ke raguwa daga 298 zuwa 700 K idan an ɗauka ΔH bai canja ba. Da kalkuleta za ka yi, ba da waya ba, don ba za a bar ka ka shiga da ita ɗakin jarrabawa ba. Kuma 92 ɗin nan kilojul ne.